Allunan Catasauqua: Tarihin Garin Kanal da Ƙarfe Kamar Yadda Aka Kafa Shi a Bakin Titi

A gabashin jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, a gaɓar gabas ta kogin Lehigh, 'yar tazara kaɗan arewa da birnin Allentown, akwai wani ƙaramin gari mai suna Catasauqua, wanda a ƙidayar shekarar 2020 mutanensa ba su wuce dubu shida da ɗari biyar da 'yan kai ba. Mai wucewa a mota zai iya ratsa shi cikin 'yan mintoci bai ga abin da zai tsayar da shi ba, in ban da jerin tsofaffin gidajen jan bulo, da wasu manyan gidaje da suka fi ƙarfin garin a yadda yake yanzu, da kuma wani dogon kwari a gefen kogi wanda shi ne ragowar tsohuwar hanyar jiragen dako. Sai dai a bakin titunansa an kakkafa alluna masu launin shuɗi da rubutu mai ruwan zinare, kowanne a kan sandar ƙarfe, kowanne yana ɗauke da suna guda da 'yan layukan bayani: Gidan George Taylor, Biery's Port, Masana'antar Ƙarfe ta Crane, David Thomas, Kamfanin Davies da Thomas, Masana'antar Takalman Dawaki ta Bryden, da Masaƙar Siliki ta Dery. Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne gano irin tarihin da baƙo zai ɗauka idan da waɗannan alluna kaɗai ya dogara, da inda suka faɗi magana daidai, da kuma abin da yake zurarewa a tsakanin wannan allo da wancan.

Ya kamata a fara da sanin mai allunan, domin ƙa'idarsa ita ce ta tsara abin da ke kansu. Hukumar Tarihi da Gidajen Adana Kayan Tarihi ta jihar Pensilbaniya, wadda aka kafa a 1945, ta soma dasa irin waɗannan shuɗɗan alluna a 1946, kuma a yau adadinsu a faɗin jihar ya haura dubu biyu da ɗari biyar. Kowane mutum ko ƙungiya na iya gabatar da buƙatar a yi wa wani wuri ko wani mutum allo, sannan kwamitin masana ya duba hujjojin da aka kawo, kuma babban sharaɗin shi ne abin ya kasance yana da muhimmanci ga jihar baki ɗaya ko ga ƙasa, bai tsaya ga unguwar da ya faru ba. Filin rubutu kuwa bai wuce na kalmomi 'yan gomomi ba. Waɗannan sharuɗɗa biyu suna da tasirin da bai kamata mai karatu ya mance da shi ba: wanda ya fara abu, da wanda ya mallaki abu, da wanda sunansa ke kan takardar rajistar kamfani, su ne suka fi saurin cika sharaɗin muhimmanci, kuma su ne labarinsu ke shiga cikin layuka biyar ba tare da wahala ba.

Sunan garin ya girmi duk allunan. Kalmar Catasauqua daga harshen mutanen Lenape take, 'yan asalin wannan kwari, kuma ana fassara ta da busasshiyar ƙasa ko ƙasa mai ƙishirwa. Yadda ƙasar ta fita daga hannunsu sananne ne a tarihin jihar. A shekarun 1730, 'ya'yan William Penn, wanda ya kafa Pensilbaniya, suka fito da wata takarda da suka ce tsohuwar yarjejeniya ce ta 1686, wadda ta ba su ƙasa iyakar tafiyar mutum a ƙafa ta kwana ɗaya da rabi. Suka sa aka share hanya tun da wuri, suka ɗauki hayar mutum uku masu saurin gudu, kuma da wannan dabara, a watan Satumba na 1737, suka handame fili da ya kai kimanin eka miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Yankin da ke tsakanin kogin Lehigh da kogin Delaware, inda Catasauqua take, yana cikin abin da ya salwanta. Duk gini da duk allon da za a ambata nan gaba a kan wannan ƙasa yake tsaye.

Allon da ya fi kowanne nisan zamani shi ne na gidan George Taylor, wani gidan dutse da aka gina a 1768 a kan tudun da ke kallon kogi, wanda gwamnatin tarayya ta sanya cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1971. An yi masa wannan martaba ne saboda Taylor yana cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin kan Amurka a 1776. Amma ga wanda ke bin tarihin ƙarfe, sana'ar mutumin ta fi sa hannunsa amfani. Daga Ailan ya zo a 1736 a matsayin baran yarjejeniya, wato wanda ya jinginar da ƙarfinsa na wasu shekaru domin biyan kuɗin jirgin da ya kawo shi, ya fara aiki a matoyar ƙarfe, ya zama akawu, daga baya ya zama shugaban matoyar Durham, wadda ta yi wa sojojin juyin juya hali harsasan igwa. Ya rasu a Easton a 1781, kuma cikin dukiyar da ya bari har da bayi biyu. Ƙarfen zamanin Taylor da gawayi ake narka shi, kuma akan ƙiyasta cewa tanderu guda mai aiki yana cinye kusan eka ɗaya ta daji a kowace rana. Saboda haka matoya ta wancan lokaci a cikin daji take zama, nesa da kasuwa, kuma girmanta ba ya wuce yawan itacen da ke kewaye da ita. Wannan ita ce matsalar da garin Catasauqua ya zo ya warware shekara saba'in bayan gina gidan, sai dai babu abin da zai nuna wa mai karanta allon Taylor cewa yana tsaye ne a bakin wannan labari.

Allon Biery's Port yana tuna ƙauyen da ya riga garin, wanda iyalin Biery, Jamusawan Pensilbaniya, suka raya tun farkon ƙarni na 19 da injin niƙa da masaukin matafiya da mashigar kogi. Kalmar da ke ƙarshen sunan tana nufin tashar jirgi, kuma ita ce ke kai mu ga kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen dako, wanda a ganina shi ne jigon labarin gaba ɗaya.

Mutum biyu ne suka haƙa shi, Josiah White da Erskine Hazard, masu masana'antar waya a kusa da Filadelfiya. Lokacin yaƙin 1812 kwal mai laushi da suka saba saye ya yi ƙaranci, sai suka gwada wani kwal mai tauri da ake kira antirasait, wanda ke jibge a duwatsun arewa maso gabashin jihar amma mutane suka raina shi don ba ya kama wuta da sauƙi. Ana ba da labarin cewa ma'aikatansu sun yi ta fama da shi dare guda har suka gaji, suka rufe ƙofar tanderu suka tafi, da ɗaya daga cikinsu ya dawo sai ya tarar da wutar ta yi jajir; sirrin kwal ɗin shi ne a bar shi da iska, a daina tone shi. Daga nan White da Hazard suka karɓi hayar filayen kwal a Summit Hill, suka nemi izinin gyara kogin Lehigh, kuma a 1820 suka isar da tan 365 zuwa Filadelfiya. Kamfaninsu, Lehigh Coal and Navigation, ya ɗauko injiniya Canvass White, wanda ya yi aiki a kanal ɗin Erie, kuma a 1829 aka kammala hanyar ruwa mai tsawon mil 46, kimanin kilomita 74, daga Mauch Chunk, garin da yanzu ake kira Jim Thorpe, zuwa Easton. A Easton ta haɗu da kanal ɗin Delaware mai gangarawa wajen Filadelfiya, kuma a tsallaken kogi akwai kanal ɗin Morris mai ratsa jihar New Jersey zuwa bakin tashar New York.

Tun da kogin daga tsauni yake gangarowa, sai aka yanka hanyar zuwa matakai. A kowane mataki akwai wani ɗaki na dutse da katako mai faɗin ƙafa 22 da tsawon ƙafa 100, da ƙofa a gaba da ƙofa a baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa ko a rage shi har ya yi daidai da matakin da ke gaba, sannan a buɗe ya wuce. Jiragen ba su da inji. Alfadarai biyu ne ke jan kowanne da igiya daga wata siririyar hanya a gefen ruwa, kuma jirgi guda yana ɗaukar kusan tan ɗari na kwal, nauyin da zai buƙaci amalanke masu yawa a kan hanyoyin laka na wancan zamani. Mataki na 36 a wannan jeri a Biery's Port ya faɗo, kuma bambancin tsayin ruwa tsakanin samansa da ƙasansa kimanin ƙafa takwas ne. Wannan ƙafa takwas ita ce dalilin kafuwar garin a inda yake.

White da Hazard sun sami hanya sun kuma sami kwal, abin da ya rage musu shi ne mai saye da yawa. Gidajen Filadelfiya suna ɗumama ɗakuna da shi, amma sun san babbar kasuwa tana wajen masu narka tama, idan har za a iya narka ta da antirasait. An sha gwadawa ana faɗuwa, domin iskar sanyi da zugazugai ke hurawa cikin tanderu tana kashe kaifin wutar wannan kwal. Maganin daga Birtaniya ya zo. A 1828 wani ɗan Sikotilan, James Beaumont Neilson, ya yi rajistar dabarar gasa iska kafin a hura ta, kuma a watan Fabrairu na 1837, a masana'antar Ynyscedwyn da ke kudancin Wales, mallakar George Crane, shugaban ma'aikata David Thomas ya haɗa wannan dabara da antirasait na yankinsu ya fitar da ƙarfe mai kyau. Labari ya iso Pensilbaniya. A ƙarshen 1838 Hazard ya ƙetara teku da kansa, kuma a ranar ƙarshe ta wannan shekara ya ƙulla yarjejeniya da Thomas, mutumin da aka haifa a 1794 kusa da Neath, wanda a lokacin ya riga ya haura shekara arba'in kuma ya shafe fiye da shekara ashirin a masana'anta guda. A tsakiyar 1839 ya iso kwarin Lehigh da matarsa da 'ya'yansa.

Sabon kamfanin, wanda aka sa wa sunan Crane don girmama mai masana'antar Wales, ya zaɓi fili a gefen mataki na 36. Duk abin da tanderu ke ci a nan yake haɗuwa: kwal yana gangarowa ta kanal daga arewa, jar tama da dutsen farar ƙasa ana haƙo su a gonakin da ke kewaye, baƙar tama mai ƙarfi tana zuwa daga New Jersey ta kanal ɗin Morris, faɗuwar ruwan matakin kuma tana juya babbar ƙafar da ke tuƙa injin hura iska. Aikin bai zo da sauƙi ba. Bulon da ke jure wuta daga Wales aka yi odarsa, manyan tukwanen injin iska da aka ƙera a can kuwa suka ƙi shiga ta bakin rumbun jirgin ruwa, dole aka nemi masu zubi a Filadelfiya su yi wasu, a lokacin da masana'antun ƙasar ba su saba da aiki mai wannan girma ba. A ranar 3 ga Yuli, 1840 aka kunna tanderun, washegari kuma, ranar bikin 'yancin ƙasar, narkakken ƙarfe na farko ya kwarara. Ba da jimawa ba yana fitar da tan 50 zuwa 60 na ɗanyen ƙarfe a mako. A watan Janairu na 1841 ambaliya ta mamaye wurin ta kashe wutar, sai bayan watanni aka sake kunnawa. Kogin da ya ba garin ƙarfinsa ya nuna tun shekarar farko cewa yana iya karɓe shi.

A nan ne allon masana'antar Crane ya cancanci yabo, kuma yabon a kan zaɓen kalma yake. Mutanen garin suna alfahari da cewa a wurinsu juyin masana'antu na Amurka ya fara, kuma da allon ya bi son zuciyar masu gari da sai ya ce wannan shi ne tanderun antirasait na farko a ƙasar. Bai faɗi haka ba. Ya ce shi ne na farko da ya daɗe yana aiki kuma ya yi riba a kasuwa, kuma wannan ƙaidi yana da dalili. Frederick Geissenhainer ya riga ya yi rajistar irin wannan dabara a Amurka tun 1833 ya kuma gwada ta a 1836. An yi wani gwajin a Mauch Chunk. A Pottsville kuma tanderun William Lyman ya fara aiki a watan Oktoba na 1839, ya yi watanni uku yana fitar da ƙarfe har ya ci kyautar dala 5,000. Duk waɗannan sun riga Thomas kunna wuta a Amurka. Abin da ya bambanta shi da su shi ne tasa wutar ta zama sana'a mai ɗorewa wadda wasu suka kwaikwaya. Allon da ke da kalmomi 'yan kaɗan amma ya ware wasu daga cikinsu don kada ya ci haƙƙin waɗanda suka gabata, ya yi aikin masanin tarihi na gaskiya, kuma wannan shi ya sa nake amincewa da sauran abin da jerin allunan ya faɗa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Kamfanin Crane ya yi ta ƙara tanderu har suka kai shida a 1868, injin tururi ya karɓi aikin ƙafar ruwa, kuma wasu kamfanoni suka jeru a bakin kanal daga sama har ƙasa. A 1855 ƙarfen da aka narka da antirasait a Amurka ya zarce na gawayi a karon farko. Ƙauyen Biery, wanda aka ɗan kira Craneville na wani lokaci, ya zama gari mai majalisarsa a 1853 da sunan Catasauqua, kuma David Thomas ne shugabansa na farko. Allon da ke ɗauke da sunansa yana kiransa uban masana'antar ƙarfen antirasait ta Amurka, mutanen zamaninsa ma da Baba Thomas suke kiransa. Shi ya jagoranci kafa cocin Firesbiteriya na garin, ya yi tsayin daka wajen yaƙi da shan giya a tsakanin ma'aikata, kamfanin da yake shugabanta kuma ya gina musu gidajen haya. A 1854 aka kafa wani kamfanin da sunan iyalinsa a Hokendauqua, a tsallaken kogi, a 1871 kuma aka zaɓe shi shugaban farko na ƙungiyar injiniyoyin haƙar ma'adinai ta Amurka. Ya rasu a 1882. Lakabin uba ya dace da shi ta fuska biyu, ta kulawa da ta iko, domin mutumin da albashinsa da ɗakin kwanansa da wurin ibadarsa duk suka ratsa ta hannun mutum guda ba shi da sararin yi masa musu.

Akwai wani juyi a labarin wanda babu allo guda da zai iya ɗauka, saboda ba a wuri guda ya faru ba. Masu kanal sun kawo masu ƙarfe ne don su sami mai sayen kwal, sun kuwa samu, har kayan da ke bin ruwan ya haura tan miliyan ɗaya a shekara a tsakiyar shekarun 1850. To amma babban abin da ƙasar ke yi da ƙarfe mai araha a lokacin shi ne shimfiɗa layin dogo, kuma garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. A 1855 Asa Packer, wanda shi kansa da tuƙa jirgi da sassaƙa jirage a wannan kanal ya fara tara dukiya, ya buɗe layin dogo na Lehigh Valley daga Mauch Chunk zuwa Easton, kafaɗa da kafaɗa da hanyar ruwan. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa don ruwa ya daskare da hunturu, kanal kuwa yakan rufe watanni a kowace shekara. Su kansu kamfanonin Crane da Thomas suka haɗu suka gina nasu layin zuwa Fogelsville don jigilar tama. A watan Yuni na 1862 wata mummunar ambaliya ta fasa madatsun sashen sama na kanal, wanda ya miƙe har White Haven, ta hallaka mutane da yawa, majalisar jihar ta hana a sake gina shi, kamfanin kanal ɗin ma ya koma shimfiɗa dogo. Sashen ƙasa ya ci gaba da jan ƙafa har farkon shekarun 1930, ɗan abin da ya saura kuma ambaliyar 1942 ta ƙarasa shi.

Sauran alluna uku na zamanin da garin ya rarraba ƙafa ne. Kamfanin Davies da Thomas gidan zubi ne wanda ya shahara da ƙera manyan ɓangarorin ƙarfe da ake jerawa a yi bangon hanyar ƙarƙashin kogi, kuma aikinsa yana cikin hanyoyin Holland da Lincoln da ke haɗa New York da New Jersey. Masana'antar Bryden, wadda aka kafa a 1882, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera takalman dawaki a duniya, har rundunar Birtaniya ta yi ciniki da ita lokacin yaƙin Boer a Afirka ta Kudu. Masaƙar siliki da D. George Dery ya gina a 1897 ita ce farkon jerin masaƙu da suka mai da shi ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a kafin kasuwancinsa ya durƙushe a 1923. Zuwan siliki garin ƙarfe ba haɗari ba ne: masu masaƙu sun baro Paterson ta New Jersey suna neman inda za su sami ma'aikata masu arha, suka same su a cikin mata da 'yan matan gidajen da mazansu ke bakin tanderu. A wannan zamani ne aka gina manyan gidajen da har yau suke tsaye, kuma mutanen garin suna faɗa da alfahari cewa lokacin yaƙin duniya na farko sun tara wa gwamnati bashin yaƙi na dala miliyan ɗaya, abin da ya jawo musu lakabin garin miliyan.

Ƙarfen da ya kafa garin kuwa tun kafin nan ya fara ja da baya. A 1875 gasasshen kwal mai laushi na yammacin jihar ya kere antirasait a narka tama, ƙarafa masu tauri na zamani suka maye gurbin ɗanyen ƙarfe a aikin dogo, tamar gonakin kwarin ta yi ƙaranci, kuma daga 1892 tamar Mesabi ta jihar Minnesota ta fara kwarara ta manyan tafkuna zuwa Pittsburgh da makwabtanta. Fa'idar da mataki na 36 ya ba Catasauqua, wato haɗuwar kwal da tama da ruwa a wuri guda, ta koma wani yanki. A 1899 masana'antar Crane ta shiga hannun kamfanin Empire Steel and Iron, bayan yaƙin duniya na farko aikinta ya yi rauni, kuma a farkon shekarun 1930 aka rushe tanderunta.

Idan aka jera allunan bakwai aka dubi sunayen da ke kansu, za a ga shida na masu dukiya ne ko kamfanoninsu, na bakwai kuma na iyalin da suka mallaki fili. Wannan bai sa su zama ƙarya ba, amma ya bar mafi yawan mutanen da suka rayu a garin a waje. Tanderu ba a kashe shi dare ko rana, don haka masu loda masa tama da kwal da masu buɗe masa baki su fitar da narkakken ƙarfe suna aikin awa goma sha biyu ne, kwana bakwai a mako, kuma ranar da za a yi musanyar masu dare da masu rana sai wasu su yi awa ashirin da huɗu a tsaye. Mutanen Wales ne da Ailan da Jamus a farko, daga baya 'yan Sulobakiya da Hangare da sauran ƙasashen tsakiyar Turai suka biyo. A bakin kanal kuwa, masu kora alfadarai sau da yawa yara ne, 'ya'yan mai jirgi, waɗanda ke taka ƙasa tun ƙarfe huɗu na asuba har ƙarfe goma na dare, lokacin da ake rufe matakan ruwa. Mai jirgi kan busa ƙahon katantanwar teku daga nesa don mai tsaron mataki ya shirya ƙofa, kuma shi da iyalinsa a wani ɗan gida a gefen matakin suke kwana. Waɗannan mutane ba su fara wani abu ba, ba su kuma mallaki wani abu ba, saboda haka ƙa'idar muhimmanci ga jiha ba ta san inda za ta ajiye su ba. Ina ganin nan ne jerin allunan ya fi rauni, kuma raunin ya fi ciwo a garin da dukiyarsa ta fito daga zufar awa goma sha biyu.

An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta wata hanya. A 1988 majalisar dokokin Amurka ta ayyana kwarin Delaware da Lehigh a matsayin zirin tarihi na ƙasa mai tsawon kimanin mil 165, daga yankin ma'adinan kwal har zuwa Bristol, kuma aka mai da yawancin tsohuwar hanyar alfadarai ta zama hanyar masu tafiya a ƙafa da masu keke, da allunan bayani masu hotuna waɗanda ke da sararin ambaton masu jirgi da masu tsaron mataki. A Easton akwai gidan adana tarihin kanal na ƙasa, inda har yanzu alfadarai ke jan wani jirgi mai suna Josiah White II da baƙi a ciki. Bambancin tsarin biyu a fili yake. Shuɗin allo yana ɗaure labari a kan ɗigo guda, ya ce a nan abu kaza ya faru, hanyar alfadarai kuwa tana tilasta wa mai tafiya ya bi kwal daga inda aka haƙo shi zuwa inda aka ƙona shi. Wanda ya karanta allunan Catasauqua yadda titunan mota suka kawo shi gare su zai fita da sunaye bakwai da shekaru masu yawa a warwatse. Wanda ya fara daga bakin ruwa, ya tsaya a mataki na 36, sannan ya hau zuwa filin Crane, da gidan Thomas, da gidan zubi, da masaƙa, zai ga yadda kowanne ya haifi na gaba da shi.

Filin da tanderun Crane suka tsaya bai zauna banza ba bayan rushe su. Kamfanin Fuller, mai ƙera injinan masana'antar siminti, ya yi amfani da shi shekaru da dama, daga baya ya koma hannun kamfanin FLSmidth na ƙasar Denmak. A 2013 majalisar garin ta sayi kimanin eka goma sha biyu na wurin, a 2017 kuma ta buɗe sabon ginin da ya haɗa ofisoshinta da na 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana a wani ɓangarensa, kuma ta sa wa shirin raya sauran filin sunan tsohuwar masana'antar ƙarfe. Masaƙar Dery tuni aka mai da ita gidajen haya, gidan Taylor kuma yana buɗe wa masu ziyara a wasu ranaku.